Zuma Ga Zaƙi Ga Harbi: Yadda Za Ka Gane Harbin Da Ke Kisa, Da Abin Da Za Ka Yi Kafin A Isa Asibiti



Duk mai zaga Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago ya san harkar zuma ta zauna a hannun mutanenmu. Wasu daga arewa suke sarowa su ɗura a kwalabe, wasu kuma sun wuce nan, sun jera akwatuna a gonakin Ogun da Oyo ko wajen Epe da Ikorodu suna kiwon ƙudan da kansu. Sana'a ce mai albarka, ba ta cin dusa ba ta cin harawa. Sai dai akwai ɓangarenta da ba a cika zancensa a majalisa ba, shi ne borin jinin da harbi ke tayarwa, wanda ke iya kashe ƙato cikin 'yan mintuna. Ni ba likita ba ne, sakandare na gama. Abin da na gani da idona ne ya sa na zauna da masu aikin asibiti na yi ta tambaya, na kuma bi karatu, har na haɗa wannan bayani.

Abin da ya faru a gonarmu

Mahaifina fataucin shanu yake yi, a Oko-Oba na tashi tsakanin turke da igiya. Yana da ɗan fili da ya kama haya bayan Ifo, a hanyar Abeokuta, inda ake ajiye shanun da doguwar tafiya ta ramar su murmure kafin a kai su kasuwa. A ƙarshen filin ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, ya jera akwatunan zuma goma sha biyu. Tun yana yaro a gida yake hawa ɗorawa da tsamiya yana ɗaura amya. Harbin da ya sha a rayuwarsa ba ya ƙirguwa, har yakan yi mana dariya idan ya ga mun ja da baya.

Bara da rani, bayan la'asar, ya je duba akwati ɗaya bai sa hular raga ba. Ƙuda ɗaya tak ya harbe shi a wuya. Ya murje wurin ya ci gaba da aikinsa. Ko minti goma ba a yi ba na ga yana sosa tafin hannu yana goga ƙafa a ƙasa.

Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Kai rabu da ni, ɗan harbi ɗaya?"

Muryar da ya amsa da ita ce ta fara ba ni tsoro, ta dishe kamar ta mai mura. Kafin in ƙaraso leɓensa ya kumbura, ƙirjinsa da bayansa sun yi ruɗu-ruɗu, ya fara tari yana cewa maƙogwaronsa na tsukewa. Mu da ke wurin muka yi abin da muka sani. Wani ya kawo man ja, wani ya fasa gwangwanin madara. Muka ɗaga shi tsaye muka ce ya daure ya taka zuwa mota. Taku biyar bai cika ba ya sulale ƙasa.

A hanya muka tsaya a wani kemis, mai shagon ya leƙo ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu wuce asibiti. Allah ya saka masa da alheri da bai riƙe mu ba. Muna shiga asibitin nas ɗin ba ta tsaya tambayar kati ba, ta zuƙo allura ta caka masa a cinya. Bayan minti biyar ta ƙara wata. Aka sa masa iskar oksijin da ƙarin ruwa. A nan ya kwana. Da safe likitan ya dube ni ya ce, "Malam, da gosulon Sango ya riƙe ku jiya, da wani labarin ake yi yanzu. Kuma tayar da shi tsaye da kuka yi, shi ya kusa ƙarasa shi."

Yadda harbin yake aiki

A gidan zuma ma'aikata ne ke harbi, kuma dukkansu mata ne. Namijin ba shi da ƙari. Ƙarin, wato 'yar tsinin da ke bayan ƙudan, yana da ƙananan haƙora kamar ƙugiya. Idan ya shiga fatar mutum ba ya fita, sai ya tsinke tare da jakar dafin, ƙudan kuma ya tafi ya mutu. Jakar nan tana ci gaba da motsi tana tura dafi ko bayan ƙudan ya tashi, kuma mafi yawan dafin yana shiga ne cikin minti na farko. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1996 ya nuna cewa saurin cire ƙarin shi ne abin lura, ko kankarewa ka yi da farce ko tsinkewa da yatsu. Don haka kada ka ɓata lokaci neman reza ko kati.

Wurin da aka harba yana fitar da wani ƙamshi mai kama da na ayaba. Wannan kira ne ga sauran ƙudan cewa ga abokin gaba. Shi ya sa harbi ɗaya ke jawo goma, shi ya sa kuma hayaƙi ke da amfani, don yana rufe ƙamshin.

Ƙudan zumarmu na Afirka ta Yamma ya fi na Turai zafin rai. Dafin ƙuda ɗaya bai fi na Turai ƙarfi ba, amma namu ya fi saurin fusata, ya fi fitowa da yawa, ya fi bin mutum nesa. A 1956 wani masani mai suna Warwick Kerr ya kai irin ƙudan Afirka ƙasar Birazil don a samu zuma mai yawa. A 1957 wasu suka kuɓuce, suka yi ta yaɗuwa har suka shiga Amurka a 1990, inda ake musu laƙabi da ƙudan kisa. To 'yan uwan waɗannan ne muke buɗe wa akwati da singileti.

Abu huɗu da kan biyo bayan harbi

Na farko shi ne wanda kowa ya sani: zafi, ja, ɗan kumburi da ƙaiƙayi a daidai wurin. Yana lafawa cikin sa'o'i ko kwana ɗaya. Cire ƙarin, wanke da sabulu, ɗora ƙanƙara a cikin tsumma ko ledar ruwa mai sanyi. Idan a yatsa ne, cire zobe tun kafin ya kumbura.

Na biyu babban kumburi ne a wurin harbin, wanda faɗinsa ya wuce santimita 10, wato ya kai tafin hannu ko fiye. An harbe ka a yatsa, washegari hannun ya haye har gwiwa. Yakan kai maƙura cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya ɗauki kusan mako kafin ya saɓe. Yana da ban tsoro a ido, amma muddin kumburin a haɗe yake da wurin harbin, yawanci ba ya kisa. Sanyi, ɗaga hannun sama, farasitamol da maganin ƙaiƙayi irin Piriton sun isa. A tuna Piriton na sa barci, wanda ya sha kada ya hau babur ko ya ja mota. Banda guda ɗaya: harbi a cikin baki, harshe ko maƙogwaro. Wannan ko mutum ba shi da borin jini kumburin kaɗai na iya toshe numfashi, asibiti kai tsaye.

Na uku shi ne wanda ya kama Yaya, borin jini mai tsanani da ke game jiki duka. Likitoci na kiransa anafilaksis. Harbi ɗaya ya isa ya tayar da shi.

Na huɗu rubdugu ne, inda ƙudaje da yawa suka taru a kan mutum. A nan yawan dafin ne ke aiki kamar guba, ko da jikin mutum ba ya borin jini. Zan dawo kansa a ƙasa.

Don a ga bambancin na uku da na huɗu: a 1962, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, an cire ƙari 2,443 daga jikin wani mutum mai suna Johannes Relleke, kuma ya rayu. Shi kuwa Yaya ɗaya ne ya kwantar da shi. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce daga 2000 zuwa 2017 mutum 1,109 ne suka mutu ta harbin zuma da dangin rina, kimanin 62 ke nan a shekara, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari maza ne. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida.

Me ya sa jiki ke yin haka

Ka ɗauka akwai maigadi a Kara da ɓarawo mai jar hula ya taɓa shammata. Tun daga ranar ya riƙe abin a ransa. Wata rana yaro mai jar hula ya zo wucewa, sai maigadin ya kwarma ihu, ya buɗe duk shingaye, shanu suka firgita suka tattake kasuwa. Ɓarnar da aka yi ta maigadi ce.

Haka garkuwar jiki take yi wa wasu mutane. Harbin baya ya sa jiki ya ƙera wasu sojoji na musamman da ke jiran dafin zuma. Ranar da aka sake harbi sai su sa jiki ya saki histamin da wasu sinadarai a lokaci guda. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu, jini ya faɗi ƙasa warwas. Hanyoyin iska a huhu su tsuke, maƙogwaro ya kumbura. Wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, su suka gano wannan a 1902 lokacin da suke gwajin dafin wata halittar teku a kan karnuka: karen da ya jure allurar farko, ƙaramar allura ta biyu ta kashe shi. Richet ya samu kyautar Nobel a kan haka a 1913.

Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne, "an sha harbina ban taɓa komai ba" ba kariya ba ce. Sai an taɓa harbin mutum ma jikinsa ke koyon wannan bori. Sabo turken wawa, in ji Hausawa.

Alamomin da ba a jira da su

Ka'idar mai sauƙi ce. Kada ka tsaya kallon wurin da aka harba, dubi sauran jiki. Duk alamar da ta fito nesa da wurin harbin, ƙararrawa ce. Yawanci tana bayyana cikin minti biyar zuwa talatin, da wuya ta wuce awa ɗaya, kuma gwargwadon saurin zuwanta gwargwadon haɗarinta.

A fata: ƙaiƙayin tafin hannu, tafin ƙafa, kai, hammata ko matsematsi, da ruɗu-ruɗu a jiki. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, shafa da hannu za ka ji tudu-tudu.

A fuska da wuya: kumburin leɓe, ido ko harshe alhali ba nan aka harba ba, dishewar murya, wahalar haɗiye yawu.

A ƙirji: tari, numfashi mai fito, jin kamar an ɗaure ƙirji.

A ciki: murɗa, amai ko gudawa farat ɗaya.

A jini: jiri, duhun gani, gumi mai sanyi, ruɗewa, suma. Wani zai ce maka kawai, "Ji nake kamar zan mutu." Ka yarda da shi.

Wani lokaci ba a ganin komai a fata, mutum kawai ya yanke jiki ya faɗi. Idan an harbi mutum ya faɗi, kada a fara zancen iska ko farfaɗiya, a ɗauke shi a matsayin borin jini.

Su wa suka fi shiga haɗari

Masu kiwon zuma sun fi sauran jama'a, don sun fi shan harbi. Amma a cikinsu ma akwai bambanci. Binciken da aka yi a Turai ya nuna wanda ake harbi jefi-jefi, 'yan ƙalilan a shekara, ya fi wanda ake harbi ɗaruruwa shiga haɗari. Wannan ya shafe mu sosai, don yawancinmu a nan kiwon ƙarshen mako muke yi: mutum yana kasuwa a Legas, sai bayan wata ɗaya ko biyu ya leƙa gona. Yaya ma da ya dawo kudu haka ya koma, ya yi wata da watanni ba a harbe shi ba. Harbin farko bayan dogon hutu abin sa ido ne.

Sai iyalin mai kiwo da yaran gona, waɗanda ke wanke kayan aiki, suna tace zuma, ana ɗan harbinsu lokaci-lokaci.

Wanda ya taɓa yin borin jini na jiki duka, idan babba ne, akwai yiwuwar kusan rabi ya sake yi a harbi na gaba. Abin ya fi muni ga dattawa, masu asma da masu ciwon zuciya. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol, propranolol da lisinopril, na iya sa jinyar ta yi wuya. Kada kowa ya bar shan maganinsa saboda wannan rubutu, amma ya gaya wa likitansa cewa yana aiki da zuma.

Ba masu akwati kaɗai ba. Ƙudan zuma na taruwa a kan rake, kankana da abarba, a bakin kwalabar zoɓo da lemo, a kan garin rogo, da kuma dusa da kwamin ruwan shanu da rani. Mai rake a Pen Cinema da mai tallar zuma a Mile 12 duk wannan bayani nasu ne. Kwalabar lemon da aka bari a buɗe, a leƙa kafin a kai baki.

Akwai kuma masu sa ƙuda ya harbe su da gangan wai maganin sanyin ƙashi. Suratun Nahli ta yi maganar waraka a cikin abin da ke fitowa daga cikin ƙudan na sha, wato zumar. A 2018 likitoci a Sifen suka ba da rahoton wata mata mai shekara 55 da ta yi kusan shekara biyu ana mata irin wannan harbi duk wata lafiya ƙalau, rana ɗaya borin jini ya taso, wurin ba su da adrenalin, ta rasu.

Abin da za a yi, bi da bi

1. A janye shi daga wurin ƙudan, a cire ƙarin nan take.

2. A kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa a kan buhu ko benci. Idan numfashi ya fi damunsa, ya zauna a ƙasa ƙafafu a miƙe. Mai ciki ta kwanta ta gefen hagu. Wanda ya suma amma yana numfashi, ko mai amai, a juya shi gefe.

3. Kada a tayar da shi tsaye, kada a sa shi tafiya, ko ya ce ya ji sauƙi. Jinin ya riga ya faɗi, idan ya miƙe sai ya gangara ƙafafu, zuciya ta rasa abin bugawa. Ɗaukarsa za a yi zuwa mota a kwance.

4. Adrenalin. Ita kaɗai ce maganin da ke juya wannan hali: tana tsuke jijiyoyin jini, ta buɗe hanyar iska, ta ƙarfafa zuciya. A tsokar cinya ake yinta, ta gefen waje, tsakanin ƙugu da gwiwa. Babba da yaron da ya wuce shekara 12 ana ba su miligiram 0.5, wato rabin 'yar kwalbar da ke ɗauke da miligiram 1 a mililita 1. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 miligiram 0.3, wanda bai kai 6 ba 0.15. Idan bayan minti biyar babu sauƙi, a ƙara. Ba a yinta a jijiya sai ƙwararru a asibiti. Na kawo adadin ne don ka san abin da ya kamata ka gani ana yi, kuma ka san abin da za ka roƙa da sunansa.

5. A nemi taimako tun a minti na farko. A Legas lambobin gaggawa su ne 112 da 767, kuma jihar na da motocin asibiti na LASAMBUS. A wajen Legas a kira 112. Idan akwai mota a kusa kada a zauna jira, a nufi asibiti mafi kusa, wani ya riƙa waya a hanya.

6. Da an shiga a faɗi magana ɗaya a fili: ƙudan zuma ya harbe shi ƙarfe kaza, numfashinsa na toshewa, yana buƙatar adrenalin.

7. Idan numfashi ya tsaya, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a isa.

8. Ko ya warware sarai, ya zauna a asibiti sa'o'in da likita ya ce. Borin na iya dawowa karo na biyu bayan wasu sa'o'i ba tare da sabon harbi ba.

Kurakuran da muke yi

Man ja, madara, zuma ko ruwa a bakin wanda maƙogwaronsa ke toshewa na iya wucewa huhu su shaƙe shi. Albasa, toka, laka da man goge baki a kan wurin harbi ba sa taɓa abin da ke faruwa a cikin jini. Piriton da allurar haidirokotizon suna rage ƙaiƙayi da kumburi, amma suna da jinkiri, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi, ba sa maye gurbin adrenalin. Babban kuskuren dai shi ne "bari mu gani". Addu'a kam a yi ta, a cikin mota ana tafiya.

Idan rubdugu ne

Gudu za ka yi. Ja riga ka rufe fuska da wuya ka bar wa ido hanya, ka nufi mota ko ɗaki ka rufe. 'Yan ƙalilan da suka bi ka ciki sun fi dubun da ke waje sauƙi. Ƙudanmu na iya bin mutum mita ɗari huɗu. Kada ka tsaya kaɗa hannu, kada ka faɗa ruwa, don za su jira ka ɗago.

Babba da ya sha harbi wajen hamsin ko fiye, ko yaro da tsoho da suka sha ƙasa da haka, a kai su asibiti ko suna cewa lafiya lau. Dafi mai yawa yana lalata tsoka da ƙwayoyin jini, dattin ya toshe ƙoda. Alamar ita ce fitsari ya koma kalar shayi ko koko, ko ya ragu ƙwarai, kuma tana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ta fito.

'Yan uwana masu dabbobi: kada a ɗaure sa ko rago kusa da akwati. Dabbar da ke turke ba ta da hanyar gudu, ƙuda na kashe ta. Idan kuma ƙuda ya tare a silin, tankin ruwa ko bishiyar tsakar gida, a kira mai kiwo ya kwashe. Fetur da ashana a gidan haya mai ɗaki goma wata masifar ce daban.

Shirin da za ka yi tun kafin ka buɗe akwati

Ka san asibitin da ya fi kusa da gonarka, ka je da ƙafarka ka tambaya ko suna ajiye adrenalin kuma ko suna buɗe da dare. Mu na Agege muna da Babban Asibitin Orile-Agege da na Ifako-Ijaiye, ga asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba. Amma wanda ke gona a Ifo ko Epe kada ya ce sai ya dawo unguwa, hanyar ta fi ƙarfin lokacin da yake da shi.

Kada ka je kai kaɗai. Abokin tafiyarka ya san alamomin nan, wayarsa da caji, abin hawa a juye yana kallon hanya.

Cikakken kaya kowane lokaci: hular raga, riga mai haske, safar hannu, takalmin roba da wando a cuse ciki. Baƙaƙen kaya da masu gashi-gashi na tsokanar ƙuda. Turare kuma, na san mu da turare sai Allah, a bar shi sai an dawo. Ƙarar janareto da injin yankan ciyawa kusa da akwati na tayar da su. Idan an harbe ka, busa hayaƙi a wurin, ka koma gefe ka ba jikinka rabin awa kana lura.

Wanda ya taɓa yin borin jini ya ga likita ya rubuta masa adrenalin da zai riƙa yawo da ita. Akwai mai kama da alƙalami, irin EpiPen, wadda mutum ke danna wa kansa a cinya ko ta saman wando. Tana da tsada kuma ba kowane kantin magani ke da ita ba. Ta kwalba ta fi araha, amma sai likita ko nas sun koya maka da abokin aikinka yadda ake aunawa. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Zafi da hasken rana na kashe ta, kada a bar ta a gaban mota. Ruwanta fari ne tas, idan ya sauya kala a canza.

Akwai maganin dindindin?

Akwai. A ƙasashen Turai da Amurka ana yi wa mutum allurar dafin zuma kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, tsawon shekara uku zuwa biyar, har jiki ya daina bori. Tana kare kimanin mutum takwas cikin goma. A asibiti ake yinta, adrenalin na ajiye a gefe, don haka ba daidai take da mutum ya sa ƙuda ya harbe shi a gida ba. Mai son ƙarin bayani ya nemi a tura shi asibitin koyarwa.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko mai wannan matsala zai daina shan zuma. Mafi yawansu suna sha lafiya, don dafi daban zuma daban.

Shi Yaya likita ya gaya masa gaskiya, cewa ya fi masa alheri ya bar buɗe akwati. Abin ya yi masa ciwo, sana'ar da ya gada ce. Yanzu wani yaro da ya koya wa aikin ke shiga cikin ƙudan, shi kuma yana Agege yana tacewa yana sayarwa, allurarsa na cikin jakar da ba ya rabuwa da ita. Akwatunan sun kai ashirin.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman yaran gona da masu talla. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a nemanmu.